Tambayoyi da Amsoshi: Gane Sukuru, Noti da Kilif na Asali a Jikin MGB

Duk wanda ya taɓa kwance tsohuwar mota ya san inda gizo ke saƙar. Inji yana da littafinsa, giya tana da nata, amma ƙananan ƙarafan da ke riƙe da kayan adon mota, wato sandunan gefe, allon ƙofa, kafet, tambari da rumfa, ba a tunawa da su sai ranar ɗauri, lokacin da mutum zai tsaya gaban gwangwani cike da sukurai bai san na ina ne ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan wannan. Na ɗauki MGB misali, ƙaramar motar gudun nan mai kujera biyu da aka haɗa a Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da rabin miliyan, kaso mafi tsoka ya tafi Amurka. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi 'yan'uwanta na wancan zamani, irin su Triumph da Austin-Healey.

Sukuru dai sukuru ne. Idan ya kama, ina ruwana da asalinsa?

Ruwanka yana cikin ramin da zai shiga. Sukuru kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma notin da aka yi wa walda a cikin ginshiƙin ƙofa tun daga masana'anta ba a sayar da shi a kanti. Ka danna masa sukuru mai baƙon tiredi, wato wani tsarin haƙora daban, da ƙarfi, juyi biyu ko uku sun isa su cinye haƙoransa, daga nan kuma sai yankan ƙarfe da walda a jikin motar da wataƙila an riga an gama mata fenti.

Sai maganar gani. Kan sukurun zamani yakan fi na da faɗi ko tudu, kuma a tsakiyar tsohon kurom yana tsole ido, har ga wanda bai san mota ba. Alƙalan gasar tsofaffin motoci a Ingila da Amurka suna sunkuyawa su duba shi. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne, tsohon sukuru shaida ne. Shi zai faɗa maka ko an taɓa sauke ƙofar nan, ko an taɓa canza madigadi bayan wani karo. Ranar da ka jefar da shi, ka jefar da labarin.

Yanzu na sayo motar. Ta ina zan fara?

Da waya da kwali, kafin sifana. Ka ɗauki hoton kowane lungu tun ba ka taɓa komai ba, kusa-kusa yadda kan sukuru zai fito ɓaro-ɓaro. Sannan ka sami kwali, ka zana siffar abin da kake kwancewa, misali allon ƙofar direba, ka huda, ka soke kowane sukuru a gurbin da ya fito, da washarsa a wuyansa. Abin da ba ya sokuwa, kamar kilif da noti, ka zuba a 'yar leda ka rubuta wurinsa a takarda ka jefa ciki. Rubutun da aka yi a bayan leda mai yana goge shi.

Wannan darasi da tsada na saye shi. Na taɓa kai wata MGB wurin mai fenti ban kwance kayan cikinta da hannuna ba. Da na koma, sai yaron shago ya miƙo mini gwangwanin madara guda, ya ce, "Oga, ga notikanka nan duka, ko ɗaya bai ɓata ba." Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya ɓata, kuma don kyautatawa har ya wanke su da fetur ya goge su da buroshin waya. Sai dai fentin da ke kansu, wanda da shi zan gane na madigadi daga na but, ya tafi. Na yi makonni ina zaune a tabarma da ma'auni ina rarraba su, kuma har yau akwai guda shida da ke cikin aljihun teburina, ban gano gidansu ba.

Karyayye ma kada ka zubar. Rabin kilif ya ishe ka kwatance idan za ka sayi sabo.

Me ya sa sifanonina ba sa zama daidai a kan notin motar nan?

Domin naka na milimita ne, motar kuwa da inci aka gina ta. Mu da muka buɗe ido da Fijo da motocin Japan, hannunmu ya saba da lamba 10, 12, 13, 14 da 17. A MGB abin da za ka fi ɗauka shi ne 7/16, 1/2 da 9/16 na inci. Lamba 13 tana hawa kan noti mai 1/2, tunda rabin inci milimita 12.7 ne, amma da ɗan lilo, kuma wannan ɗan lilon shi ke cinye kusurwar noti ya mai da shi kamar ƙwallo. Tsofaffin kanikawan da suka yi aikin Land Rover da Bedford sun san wannan sarai, kuma a akwatin irinsu ake samun sifanonin inci masu kyau.

Wannan kansa gwaji ne. Idan lamba 10 ko 13 ta zauna cif a kan wani noti na jikin motar, babu lilo ko kaɗan, to akwai alamar wani ya riga ka zuwa wurin.

Tiredi iri nawa ne a motar, kuma ta yaya zan bambanta su?

Kusan duk jikin motar UNF ne, wato tiredin inci mai ƙananan haƙora. Mai kaurin 1/4 yana da haƙora 28 a kowane inci, mai 5/16 da mai 3/8 suna da 24, ƙaramin da ake kira lamba 10 kuma yana da 32. Akwai ɗan'uwansa UNC mai manyan haƙora, wanda aka fi sawa inda za a ɗaura cikin zubin ƙarfe ko alminiyom.

Tarihin abin yana taimakawa wajen fahimta. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila tiredinta na bai ɗaya, mai kusurwar digiri 55. Amurka ta bi nata mai digiri 60. A yaƙin duniya na biyu bambancin ya ba su wuya, kayan wannan ba sa shiga injin wancan, don haka a 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka amince da tsari guda mai digiri 60, shi ne UNF da UNC. Lokacin da MGB ta fito, BMC, kamfanin da ya mallaki MG mai ƙera motar, ya riga ya koma sabon tsarin. Amma masu kawo masa kaya ba su koma gaba ɗaya ba. Shi ya sa a kayan lantarki na Lucas da agogunan dashbod na Smiths za ka tarar da wani tiredi da ake kira BA, mai kusurwar digiri 47 da rabi, wanda lambarsa ke tafiya a juye: 2BA ya fi 4BA kauri. A kafireto da famfon mai na SU kuma ana cin karo da tsohon tsarin Whitworth da ƙanensa BSF, waɗanda sifanarsu ma daban take, domin lambar da ke jikinta kaurin bol take nufi, ba faɗin kansa ba.

Ido ba ya raba wannan gardama. Kana bukatar abu biyu: kalifa don auna kauri, da ma'aunin tiredi, ɗan abin nan mai ganyaye kamar mataji. Ka ɗora ganyen a kan haƙoran sukuru ka ɗaga su sama ta fuskar haske. Idan haske yana ratsowa tsakani, ba shi ba ne.

Na gwada sukurun M5 ya fara shiga, sannan ya cije. Me ke faruwa?

Ka faɗa tarkon da ya fi kowane kama mutane. Akwai sukurai uku masu kama da juna kamar an tsaga kara: 2BA, da lamba 10 mai haƙora 32, da M5. Kaurin 2BA milimita 4.7 ne, na lamba 10 kusan 4.8, na M5 kuma 5 cif. Tazarar haƙoransu ma kusan ɗaya ce, 0.81 da 0.79 da 0.8. Kama da wane ba ta wane. Siririn zai shiga notin mai kauri yana rawa, ya yi kamar ya ɗauru, sai ya kwance a hanya. Mai kaurin zai shiga notin siririn juyi ɗaya ko biyu ya tsaya, idan ka matsa masa ya yi wa kansa sabuwar hanya ya lalata ta asali.

Irin wannan na faruwa tsakanin 5/16 da M8, da kuma 1/4 da M6. Dokata a nan ɗaya ce: duk sukurun da yatsu ba su iya kai shi juyi huɗu ko biyar ba, ba na sa masa ƙarfe. In fito da shi, in wanke ramin, in sake aunawa.

Sukurai masu kan gicciye ba duka ɗaya ba ne?

A'a. Akwai Phillips, na Amurka, wanda ya shiga masana'antar mota tun shekarun 1930. Akwai kuma Pozidriv, wanda kamfanin GKN na Ingila ya fito da shi a farkon shekarun 1960. Ka kawo kan sukurun kusa da ido. Idan ka ga wasu siraran zane huɗu a tsakanin hannayen gicciyen, kamar an ɗora ƙaramin tauraro a kai, Pozidriv ne. Idan gicciye ne zalla, Phillips ne.

Motocin Ingila na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 Pozidriv ya mamaye su. A na farkon 1960 kana iya samun Phillips. Canjin bai faru dare ɗaya ba, domin masana'anta ba ta zubar da kwandon sukurai don sabon samfuri ya iso, sai ta ƙarar da na ƙasa. Don haka motar da aka haɗa a tsakiyar canjin tana iya zuwa da duka biyun, kuma duka na asali ne. A irin wannan mota ba na gyara wa masana'anta aikinta, abin da na tarar shi nake mayarwa.

Amfanin sanin bambancin ya wuce tarihi. Sukurudireban Phillips a cikin kan Pozidriv zamewa yake yi ya cinye ramin, kuma yawancin kawunan da za ka gani a ragargaje a tsofaffin motocin nan abin da ya same su ke nan. Ka sayi na Pozidriv lamba 1, 2 da 3, da babba don hinjin ƙofa. Mai kan tauraro mai tsini shida kuwa, idan ka gan shi a allon ƙofa ko dashbod na MGB, baƙo ne.

Rubutun da ke kan bol fa, me yake nufi?

Sunan maƙeri ne da ƙarfin ƙarfen. A motocin Ingila na lokacin za ka riƙa ganin GKN, ko Rubery Owen na Darlaston, ko sunaye irin su BEES, NEWALL, SPARTS da WILEY, tare da harafi guda kamar R, S ko T mai nuna ƙarfi. Da yawa suna da ɗan zagayayyen lotsawa a tsakiyar kai, alamar cewa tiredin na sabon tsarin 1949 ne, don kada bakanike ya gauraya shi da Whitworth. Wasu notikan kuma an buga musu jerin ƙananan da'irori masu sarƙe da juna a gefe ɗaya, ma'anarsu ɗaya.

Na zamani suna tona kansu. Lamba 8.8 ko 10.9 na milimita ne. Zane uku ko shida da suka fito daga tsakiya kamar ƙafar kaza tsarin Amurka ne, tiredin yana iya dacewa amma galibi canji ne aka yi daga baya. A2-70 kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa ne. Babu maƙeri ɗaya da ya riƙe motar gaba ɗaya, don haka ganin suna biyu ko uku a mota guda ba abin tayar da hankali ba ne.

Littafin kayan gyara cike yake da lambobi kamar HZS506 da PMZ308. Ana iya karanta su?

Ana iyawa, kuma wanda ya iya ya huta. BMC ta saƙa bayanin kayan a cikin lambar. HZS bol ne mai kai shida, mai tiredi har wuya, mai rufin zinki. Lambar farko kauri ce idan an kasa inci kashi goma sha shida, biyun ƙarshe tsawo ne idan an kasa shi kashi takwas. HZS506 ke nan 5/16 ne, tsawonsa shida cikin takwas, wato 3/4 na inci. FNZ noti ne, PWZ shimfiɗaɗɗiyar washa, LWZ washa mai tsaga da ke hana kwancewa.

A ƙananan sukurai lissafin tsawo yana komawa kason goma sha shida. PMZ308 sukuru ne mai kai kamar faifai, lamba 10, tsawon rabin inci, mai zinki. Idan harafin ƙarshe P ne maimakon Z, kamar RMP, to mai kurom ne, kuma R ɗin na nufin kan da ke nutsewa a rami amma bayansa ya ɗan yi tozo. Wannan siffar ce aka fi gani a cikin mota, zaune a cikin 'yar washa mai kamar ƙoƙo wadda ke hana shi yaga fata ko leda.

Daga baya, a zamanin British Leyland, kamfanin da ya gaji BMC, wanda aka kafa a 1968, an sauya lambobin. HZS506 ya koma SH605061, wasu kuma aka ba su lambar GHF wadda ba ta faɗin komai game da girma. Shi ya sa na fi son tsohon littafin da aka buga a shekarun motar a kan kundin 'yan kasuwa na yau, wanda sau da yawa yake haɗe kaya uku a lamba ɗaya don dai duk suna shiga rami guda.

Ta yaya zan san irin rufin da sukuru ya zo da shi, alhali duk ya yi tsatsa?

Ka duba inda iska ba ta kai ba: ƙarƙashin kai, bayan washa, da haƙoran da suka kwana cikin noti. Nan launin asali yake ɓuya. Fari mai ɗan haske zinki ne, fari mai laushi kamar toka yana iya zama kadmiyom, baƙi mai ɗan kaushi kuma rufin da ake yi wa kilif da wasu bol ne, wanda mai ke riƙe shi.

Sannan ka nemi mayen ƙarfe. Sukurun kurom da ya manne masa ƙarfe ne a ciki. Wanda ya ƙi mannewa, ko dai tagulla ce aka yi wa kurom, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka ɗan kankare ƙarshensa inda ba a gani: idan rawaya ta fito, tagulla ce, kuma wannan alama ce mai kyau, domin a wuraren da ruwa ke duka an yi amfani da ita sosai. Hasken kurom yana da ɗan shuɗi-shuɗi da sanyi, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuma ya fi duhu kaɗan. Ka jera su a rana za ka gani.

Mene ne tabbacin cewa abin da na tarar a motar shi masana'anta ta sa?

Babu shaida ɗaya da ta isa, sai an tara. Mota mai shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa.

Fara da fenti. A wancan zamani gangar jikin MGB tana isowa Abingdon ne da fentinta daga wata masana'antar, don haka bol ɗin da aka ɗaura kafin fenti, kamar na madigadin gaba, launin motar ne a kansu, kuma idan ka cire washa za ka ga da'irar da fenti bai taɓa ba. Kayan da aka ɗaura bayan fenti ba su da launi a kai. Idan ka ga fenti a kan sukurun kurom ko a kan roba, an sake fesa motar. Idan fentin da ke kan bol ya tsage a kusurwa, sifana ta taɓa hawa.

Sai ka gwada dama da hagu. Gefen direba ya fi shan wahala da gyara, ɗaya gefen ya fi zama yadda yake. Ka leƙa wuraren da malalacin mai gyara ba ya zuwa, kamar bayan kujeru, ƙarƙashin dashbod da cikin but. Idan sukurai bakwai a jere iri ɗaya ne, na takwas ya bambanta, ka san wanda za ka tuhuma. Bayan haka ne za ka buɗe littafi, sannan ka nemi wata motar ta shekara ɗaya da taka wadda ba a taɓa kwance ta ba. Irin wannan mota, ko ta ruɓe ba ta tashi, ta fi mini mota goma da aka gyara suna ƙyalli, domin masu gyara suna kwafar kuskuren juna. Ƙungiyar MG Car Club, wadda aka kafa a 1930 kuma ofishinta ke Abingdon, tana da mambobi masu irin waɗannan motoci.

Shekarar mota tana da tasiri har a kan sukuru?

Ƙwarai. Shekara goma sha takwas ba kwana goma sha takwas ba ce. A 1965 an bar mariƙin ƙofa na ja aka koma mai maɓallin dannawa. A ƙarshen 1967 aka fito da samfuri na biyu da sauye-sauye a ciki. A 1969 ragar gaban mota ta kurom ta koma baƙa mai nutsewa, kujerun fata suka koma leda, bonet na alminiyom ya koma ƙarfe. A ƙarshen 1974 aka zo da baƙar bamba ta roba saboda dokokin Amurka. Motocin da aka tura Amurka daga 1968 ma dashbod ɗinsu daban ne da na gida. Kowane canji da nasa maɗauran, kuma gaba ɗaya tafiyar daga ƙarfe da kurom ta nufi roba da ɓoyayyen kilif.

Don haka ka san lambar shasi kafin ka yi odar komai. Lambar da ta fara da GHN3 ta samfurin farko ce, sai GHN4, sai GHN5, ta mota mai rufin ƙarfe kuma da GHD take farawa. Shekarar da ke takardun mota sau da yawa shekarar rajista ce. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Warwickshire yana riƙe da rajistar masana'anta, yana kuma ba da takardar shaida mai ɗauke da ranar haɗa motar da launinta na asali.

Sandar gefe mai ƙyalli ta ƙi fita. In ɓanɓare ta?

Dakata tukuna. Sandar guda uku ce a kowane gefe, ta madigadin gaba, ta ƙofa, da ta baya. Yawancin tsawonta a kan ƙananan kilif take hawa, waɗanda aka kafe da ribiti a jikin mota, amma akwai inda ɗan bol ne da noti ta ciki. Idan ka ɓanɓara ba ka kwance wannan notin ba, sandar za ta lanƙwashe, kuma ba ta komawa daidai. Ka leƙa ta ciki da tocila, ka kwance shi, sannan ka sa siririn katako ko roba ka ɗaga a hankali. Sukurudireba ba ya zuwa nan.

Ramukan kilif ɗin nan mafarin tsatsa ne. Lokacin mayarwa, a shafa wa bakin kowane rami fenti da ɗan giris kafin a buga ribiti.

Maɓallan rumfa suna ta yage mini tamfol. Laifin wa?

Mai yiwuwa ta inda kake ja ne. Maɓallin da ake kira Lift-the-Dot an yi shi ne ya cije ta ɓangare uku, ya saki ta ɓangare ɗaya tak, inda aka buga ɗan ɗigo. Ka ja ta wajen ɗigon, zai fita salin-alin. Ka ja ta wani gefen, tamfol ne zai ba da kai. Idan mai ɗinki ya kafa shi a juye, ɗigon ya kalli inda iska ke ja, rumfar za ta riƙa ɓallewa a kan gudu.

Akwai kuma Tenax, da aka fi gani a Triumph TR da Austin-Healey, mai ɗan kai da ake ɗagawa kafin ya saki. Ana sayar da masu kama da shi na wasu kamfanoni, amma kada ka haɗa kan wannan da turken wancan. Turakun ma iri-iri ne, wani mai noti ta baya, wani mai cin ƙarfe da kansa, don haka ka duba tsohon kafin ka saya.

Na ga ana sayar da cikakken saitin sukurai a leda ɗaya, na ƙarfen da ba ya tsatsa. In saya?

Idan motar ta hawa ce kullum a ƙasa mai ruwa da gishirin hanya, ba zan hana ka ba, musamman a ƙarƙashin mota inda ba a gani. Amma ka san abin da ka saya. Saitin an haɗa shi ne da girma mafi kusa, kan yakan bambanta, tsawon ma haka, kuma sukurun da ya zarce da kwata inci a cikin ƙofa yana iya kartar gilashi. Wannan ƙarfe yana da halin cije wa ɗan'uwansa har su zama ɗaya idan an ɗaura a bushe, sai an shafa masa man hana kamewa. A jikin alminiyom mai damshi kuma, alminiyom ɗin yake ci.

Ni dai tsarina shi ne: na asali da aka gyara, sai tsohon kayan da ya kwana a shago ba a taɓa amfani da shi ba, sai na motar da aka yanka, sannan sabon ƙira. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ana iya sabunta tsofaffin?

Ana iyawa, kuma shi ya fi. A wanke maiƙo, a jiƙa a ruwan cire tsatsa mai sauƙi, a goge da buroshin tagulla, a kai wa masu rufin zinki ko kurom. Ka ƙirga su ka ɗauki hoto kafin ka miƙa, ka kuma roƙi mai gogewa kada ya cinye rubutun kai. Rufi mai kauri yana cike haƙora, don haka a gwada kowanne da notinsa bayan an dawo da su.

Gargaɗi biyu. Kadmiyom guba ne, kada a goga shi a inji ko a ƙona shi ana shaƙa. Sannan kilif mai tsalle da bol mai ƙarfi, idan aka yi musu rufi da lantarki, sai an gasa su a zafin kusan digiri 200 cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba suna iya ƙaryewa kamar busasshen kara ba tare da wata alama ba. Ka tambayi mai aikin ko yana yin wannan gashin.

Akwai inda bai kamata a nace wa na asali ba?

Akwai: bel ɗin kujera, ƙafafun kujera, sitiyari, birki da duk abin da rai ya rataya a kansa. Nan sabo mai ƙarfin da ya dace ake sawa. Bol ɗin bel 7/16 UNF ne, haƙora 20 a inci, kuma har motocin milimita da yawa shi suke amfani da shi, don haka samunsa ba wuya. Kada a sa A2-70 a waɗannan wurare, domin yana fara miƙewa tun kafin mai lamba 8.8 ya ji komai.

Ramin sukurun allon ƙofa ya buɗe, sukurun yana juyawa kawai. In sa babba?

Abin da na gabanka suka yi ke nan, shi ya sa ake tarar da lamba 10 inda lamba 6 ya kamata. Masu cin ƙarfe da kansu lamba 6 kaurinsu milimita 3.5 ne, lamba 8 kuma 4.2, lamba 10 kusan 4.8, kuma da zarar ka hau mataki ɗaya, kan ba zai zauna cikin ƙoƙon washarsa ba. Idan motar ba ta sha fenti ba tukuna, a cike ramin da walda a sake hudawa da siririn bakin diril. Idan ta riga ta sha, ka sa ƙaramar guduma da wani ƙarfe ta baya ka ɗan tattaro bakin ramin, ko ka zura kilif mai noti irin na Spire idan ramin yana kusa da gefen ƙarfe. Sannan ka ɗaura da hannu, ka tsaya da zarar washa ta taɓa ledar allon ba ta lotsa ta ba.